Ayarin Hadari Yana Yada Zango Kafin Ya Iso Sakkwato: Martani

 Malam, na karanta rubutunka na makon jiya a kan ruwan sama da rijiyoyin burtsatse a Sakkwato, na kuma sake karanta shi da dare bayan an ɗauke ruwa, domin na san ba da wasa ka rubuta shi ba. Kai mutum ne da ake saurare. Abin da ka faɗa zai shiga kunnen masu haƙa rijiya, da masu ba su kwangila, da masu sare itace a daji suna ƙona gawayi. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

In na fahimce ka daidai, abu uku ka kafa. Ka ce ruwan da ke sauka a Sakkwato iska ce ke ɗebo shi daga Tekun Atlantika ta kawo mana kai tsaye, saboda haka ko an share daji ko an bar shi, ruwan da zai zo zai zo. Ka ce duk abin da muka zuƙe daga ƙarƙashin ƙasa da rani, damina za ta mayar, don haka babu abin tsoro a yawan rijiyoyin burtsatse. Ka rufe da cewa masu tara ruwan sama a kwalba suna aikawa ɗakin bincike a auna nauyin ƙwayoyinsa ɓarnar kuɗi suke yi, tunda ruwa ruwa ne. Da wannan na ƙarshen zan fara, domin in an warware shi sauran biyun ba za su yi wuyar kwancewa ba.

Kowace ƙwayar ruwa haɗi ce ta zarra biyu na haidurojin da zarra ɗaya ta oksijin. To amma su waɗannan zarra suna da tagwaye, kamar Hassan da Husaini masu kama ɗaya da hali ɗaya, sai dai in an ɗora su a ma'auni ɗaya ya ɗara ɗaya nauyi. Masana na kiran irin waɗannan tagwaye aisotof. Mafi yawan oksijin da ke cikin ruwa mai nauyin 16 ne, amma a cikin kowane 500 akan sami kamar ɗaya mai nauyin 18. Haka a cikin kowane haidurojin 6,400 akan sami kamar ɗaya da ya ninka 'yan'uwansa nauyi, shi ne diyuteriyam, wanda Harold Urey ya gano a Amurka a 1931. Harshe ba ya jin wannan bambanci, ido ba ya ganinsa. Rana da iska kuwa suna bambancewa. In rana ta bugi fuskar teku, ƙwayoyi marasa nauyi ne ke rigan tashi su zama tururi. In tururin ya yi sama ya sami sanyi ya fara komawa ruwa, masu nauyin ne ke rigan faɗowa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka lokacin kaka ya ga kwatancin wannan da idonsa. Mace ta ɗaga ƙwarya sama tana shiƙa, tsabar gero ta zubo a gabanta, ƙaiƙayi kuma iska ta kwashe shi ta yi gaba. Haka girgije ke yi da kayansa. Duk ruwan da ya zubar yana tafiya da kaso mafi yawa na masu nauyi, abin da ya rage a sama sai ya ƙara sauƙi. Wannan ya sa ruwan da ya sauka a wuri yana ɗauke da shaidar inda ya taso da irin wahalar da ya sha a hanya. A 1961 Harmon Craig ya auna ruwan koguna da tafkuna da ruwan sama daga sassan duniya, ya ga cewa oksijin mai nauyi da diyuteriyam suna raguwa tare bisa ƙa'ida guda: in na farko ya ragu da kashi ɗaya cikin dubu, na biyu yakan ragu da kashi takwas. A 1964 Willi Dansgaard na ƙasar Denmak ya bayyana yadda sanyin wuri, da nisansa daga teku, da yawan ruwan da aka yi ke sauya wannan shaida. Tun 1961 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya suke tara ruwan kowane wata daga tashoshi a faɗin duniya, kuma Kano na cikin tashoshin da aka tara ruwansu tun shekarun 1960, tare da Bamako da Njamena. Ka ga ke nan wannan awo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ya girmi yawancin masu karanta mu.

Yanzu bari mu ɗora maganarka ta farko a kan wannan ma'auni. A Turai, inda iskar yamma ke shigowa daga Atlantika, ruwan da ke sauka a gaɓar Ailan ya fi na Jamus nauyi, na Jamus ya fi na tsakiyar Rasha, a jere kamar matakala. Daga gaɓar teku a Legas zuwa Sakkwato, a miƙe, ya haura kilomita 700, kuma iskar da ta biyo wannan hanya tana zubar da ruwa a Ibadan da Ilori da Kwantagora da Yawuri kafin ta iso mu. Da a ce tururin teku ne kaɗai take ɗauke da shi, tana zubarwa ba ta ƙarawa, da ruwan da zai sauka a Sakkwato ya yi sauƙi ƙwarai in an kwatanta da na bakin teku. Masu binciken da suka jera awon tashoshin gaɓar teku da na yankin Sahel ba su ga haka ba. In aka haɗa ruwan shekara baki ɗaya, bambancin kaɗan ne, bai kai abin da lissafi ya nuna za a gani ba.

Kakanninmu fatake sun san amsar irin wannan tambaya. In ayari ya taso daga Gwanja da goro, yana sayarwa a kowane zango, ya yi watanni a hanya, sannan ya shigo Sakkwato jakunansa na nishi da kaya, ba sai an gaya wa kowa ba cewa madugu ya yi ta sabon lodi a hanya. Iskar damina ma tana sabon lodi, kuma daji ne kasuwarta. Itace yana zuƙo ruwa ta saiwa ya fitar da shi ta ganye, kuma abin lura a nan shi ne ganye ba ya shiƙa kamar fuskar teku. Abin da saiwa ta sha, mai nauyi da marar nauyi, shi ganye ke mayar wa iska. Ruwan da ya sauka a dazuzzukan kudu da na tsakiyar ƙasar nan da na ƙasar Binin, wani kaso nasa yana komawa sama da nauyinsa, ya shiga iskar da ke tahowa arewa. Eneas Salati da abokan aikinsa sun nuna irin wannan a dajin Amazon na Barazil a 1979, da wannan awon da ka raina: ruwa yana tafiyar dubban kilomita cikin ƙasa ba tare da ya yi sauƙin da ake tsammani ba, saboda daji yana mayar da shi sama.

A Afirka ta Yamma ma an yi lissafin. A 1996 Cuiling Gong da Elfatih Eltahir, wanda ɗan Sudan ne mai koyarwa a Amurka, sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na ruwan saman yankinmu daga tururin ƙasar yankin kanta yake, kashi 23 daga tekun da ke kudu da mu, kashi 17 kuma daga Afirka ta Tsakiya. Wasu masu binciken da suka biyo baya sun sami alƙaluma daban, wasu sun nuna har Bahar Rum tana da ɗan rabonta a tururin da ke isowa Sahel, amma ba a sami wanda ya mayar da rabon ƙasa sifiri ba. A makwabciyarmu Nijar, binciken Jean-Denis Taupin da abokansa da aka wallafa a 2000 ya gano alamar tururin da ke tashi daga filayen noman rani a cikin ruwan sama. Duk mai kallon fadamar Rima da gonakin shinkafa da albasa na Wurno da Kware da Goronyo ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

Akwai kuma abin da kowane manomi a Dange ko Bodinga zai gaya maka ba tare da ya shiga aji ba: hadari daga gabas yake tasowa. Taswirar da ka kawo, mai kibiya ɗaya daga kudu maso yamma, ba ta da wurin da za ta sa wannan shaidar ta manomi. Gaskiyar ita ce sama hawa-hawa ce. A ƙasa-ƙasa, iska mai laima tana shigowa daga kudu maso yamma, ita ce muke ji a jiki da bazara in zufa ta fara damun mutane. A samanta, wajen kilomita uku zuwa huɗu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Manyan hadura sukan ƙullu a kan tuddai irin su tsaunukan Jos da na Azbin da na Darfur, su jeru kamar sahu, wannan iskar ta sama ta turo su yamma suna gudu kamar mota, suna zuƙar laimar da ke ƙasa suna zubarwa. Irin waɗannan hadura masu tafiya a sahu su ke kawo mafi yawan ruwan da Sahel ke samu a shekara. Hadarin da ya rufe sararin Sakkwato da la'asar yana iya kasancewa jiya ya kwana a kan Katsina ko Damagaram, ya sha daga tururin gonakinsu. Manomi ya faɗi gaskiya a kan inda hadari ke fitowa, littafin makaranta ya faɗi gaskiya a kan inda wani kaso na laima ke fitowa, ruwan da ke cikin kwalba kuma shi ke nuna yadda biyun suka haɗu.

Har a cikin damina ɗaya ma ruwan ba iri ɗaya ba ne. Sakkwato na samun abin da bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Ruwan farko, wanda ke zuwa da ƙura da guguwa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, yana ratso busasshiyar iska mai zafi kafin ya taɓa ƙasa. Ɗigon yana ƙafewa tun yana sama, marasa nauyi su gudu, abin da ya iso ƙasa ya zama mai nauyi, wani lokaci har ya kai na teku ko ya fi shi. Mun sha ganin girgije ya saki ruwa kamar gemu, amma ruwan ya ɓace bai iso ƙasa ba. Ruwan marka na Agusta kuwa, lokacin da iska ta jiƙe sharkaf, yakan yi ƙasa da na teku da kamar kashi biyar ko shida cikin dubu a oksijin mai nauyi. Wannan ƙafewar ɗigo a sama tana cikin dalilan da ke ƙara wa ruwan Sahel nauyi, kuma masu bincike suna iya raba ta da sabon lodin daji, domin ruwan da ya ƙafe yakan sauka daga ƙa'idar takwas-da-ɗaya ta Craig. A 2006, lokacin babban binciken damina na Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, Camille Risi da abokan aikinta sun tara ruwan kowane hadari ɗaya bayan ɗaya a Yamai da kewayenta, kimanin kilomita 350 yamma da mu. Sun ga nauyin ruwan ya faɗi lokaci guda a tsakiyar Yuli da damina ta kankama, kuma daga nan ruwan kowace rana yana ɗauke da alamar haduran da aka yi a yankin kwanaki da dama da suka wuce, har da waɗanda ba su sauka a Yamai ba.

A nan dole in ba ka naka, domin adalci ya fi cin gardama. Teku tana da babban iko a kan daminarmu. Farin 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984, waɗanda iyayenmu ba sa mantawa da su, ba gatarin manomi ne ya haddasa su ba. A 1975 Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar ciyayi ce ke korar ruwa daga Sahel, aka daɗe ana ɗora wa makiyayi da manomi laifi. Daga baya binciken Chris Folland da abokansa a 1986, da na Alessandra Giannini da abokanta a 2003, suka nuna cewa sauyin ɗumin ruwan tekuna shi ne babban abin da ke juya shekarun fari da na yalwa a yankinmu. Don haka in wani ya ce maka dasa itace dubu a Gwadabawa zai sa a yi ruwa a Gwadabawa baɗi, ya faɗi abin da ilimi bai tabbatar ba. Amma Giannini da abokanta sun kuma nuna cewa ƙasa da tsirrai suna ƙara wa abin da teku ta fara ƙarfi. Teku ce ke sallamar ayari, wannan haka yake. Abin da zai iso gare mu kuwa ya danganta har da zangunan da ke hanya. Gawayin da ake lodawa a manyan motoci daga dazuzzukan Neja da Kwara, da dajin da ake sharewa a kudancin Kebbi da Zamfara, duk a kan hanyar ruwanmu suke. Mutumin Sakkwato yana da haƙƙin ya damu da su kamar yadda mutumin Birnin Ƙonni da Tawa ke da haƙƙin ya damu da abin da muke yi da namu.

Maganarka ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ita ce za a yi aiki da ita gobe da safe. Ƙasar da Sakkwato ke zaune a kai shimfiɗa-shimfiɗa ce ta yashi da laka da farar ƙasa, kuma masana sun raɗa wa shimfiɗun sunayen garuruwanmu: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Duwatsun Kalambaina su ne ake yin siminti da su. Duk wannan ɓangare ne na wani babban kwari da ake kira Iullemmeden, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 500,000, wanda muke tarayya a kansa da Nijar da Mali. A shekarun 1960 ma'aikatan binciken ƙasa na Amurka da na Najeriya sun yi haƙe-haƙe a wannan yanki, rahoton Anderson da Ogilbee ya fito a 1973, ya nuna cewa ruwan ƙarƙashin ƙasarmu kashi biyu ne. Akwai na sama-sama, wanda rijiyar guga da rijiyar fadama ke kaiwa gare shi. Akwai kuma na can ƙasa, wanda laka ta rufe ta danne, har a wasu wurare in an huda sai ya yi tsiri da kansa. Na farkon, gaskiyarka, damina tana ciyar da shi. Ina yaro na sha ganin rijiyar gidanmu ta ja baya da bazara har sai an ƙara igiya, ta dawo a Agusta. Kuskuren shi ne a ɗauki halin rijiyar guga a ɗora wa rijiyar da ta nutsa mita ɗari biyu.

Ta yaya aka san haka? Ta wannan awon dai. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi a sararin sama sun cika ruwan saman duniya da wani haidurojin mai suna tiritiyam, wanda ya kai ƙololuwa a 1963, kuma rabinsa yana ɓacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni. Ruwan rijiyar da aka sami tiritiyam a cikinsa ya shiga ƙasa a zamanin da muke raye. Wanda babu ko kaɗan ya riga 1950 shiga. Ga wanda ya fi haka tsufa akwai kabon-14, wanda rabinsa ke ɓacewa a shekara 5,730. A 1980 Geyh da Wirth, masu bincike daga Jamus, sun wallafa awon kabon-14 na ruwan da ke danne a shimfiɗar Gwandu, a nan ƙasarmu, suka sami shekarunsa sun kai dubbai, yana kuma tafiya a ƙarƙashin ƙasa a hankali ƙwarai. A 2003 Urs Beyerle da abokansa sun auna ruwan wannan kwari a ɓangaren kudu maso yammacin Nijar, suka nuna ya shiga ƙasa ne a zamunan da Sahel ta fi yanzu laima da sanyi, tsakanin shekara 6,000 zuwa 40,000 da suka wuce. Irin wannan tsohon ruwa ya fi ruwan saman yau sauƙi a oksijin da diyuteriyam, shaidarsa ba ta yi daidai da ta kowace damina da muka sani ba. Mike Edmunds na Ingila da Ibrahim Goni na Jami'ar Maiduguri sun yi irin wannan aiki a yankin Tafkin Chadi, sakamakon ya tafi a layi ɗaya.

Ma'anar wannan a fili take. Wani ruwan da famfo ke turowa cikin tankin gida ya sauka daga sama tun kafin a kafa birnin Sakkwato a 1809, tun kafin Gobir da Kabi, tun lokacin da ake kiwo da su a inda yau hamada ce. Gado ne aka bar mana, kuma mai cin gado ba tare da lissafi ba yana gab da ganin ƙarshensa. Borno ta riga mu gani. Rijiyoyin da aka haƙa can a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960 sun yi ta tsiri da kansu dare da rana, aka bar da yawa a buɗe suna malala, ƙarfinsu ya yi ta raguwa har da yawa suka daina fitowa sai da inji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau a Mabera da Arkilla da Bado da Gidan Igwai, wanda duk ya sami hali sai ya kira masu injin haƙa, in ta maƙwabci ta ja baya a ƙara zurfi. Ba na zargin kowa, domin mai iyali ba zai zauna da ƙishirwa ba, kuma kuɗin 'yan ga-ruwa ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma kafin a ce wa mutane su ci gaba hankali kwance, ya kamata a san wace rijiya ke shan ruwan bana, wace ke shan na kakannin kakanni.

Na san za ka iya kawo mini labarin Yamai, don haka bari in kawo shi da kaina. Christian Leduc da Guillaume Favreau da abokansu sun nuna cewa a kudu maso yammacin Nijar ruwan ƙarƙashin ƙasa na sama-sama ya ɗago da kimanin mita huɗu tsakanin 1963 da 2007, duk da shekarun fari. Dalili shi ne an share daji an yi gonaki, ƙasa ta daskare, ruwan sama ya daina nutsewa a inda ya sauka, sai ya riƙa gudu yana taruwa a tafkuna, daga can ya sulale ƙasa. Wannan gaskiya ne, kuma ya zo wa masana da kansu ba zato. Sai dai ka lura da abu biyu. Ribar ta zo ne da asarar ƙasar noma da zaizaya da kwazazzabai, kuma ta shafi ruwan sama-sama ne, ba wanda laka ta danne ba. Na biyu, da awon zurfin rijiyoyi na shekara da shekaru da awon aisotof aka gano haka. Da zato aka bi, da ni da kai duk mun faɗi. Wannan labari hujja ce a kan wajibcin awo, ko da sakamakon zai saɓa wa abin da mai awon yake so.

Amfanin awon bai tsaya ga shekarun ruwa ba. A nan rana da iska suna iya ƙafar da fiye da milimita 2,000 a shekara daga buɗaɗɗen ruwa, ninki uku na abin da sama ke ba mu. Ruwan da ya kwana watanni a madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ko ta Goronyo, wadda aka gama a 1984, yana fitowa da tambarin ƙafewa a jikinsa, ya fi ruwan sama nauyi kuma ya kauce wa ƙa'idar Craig. In aka ga wannan tambari a rijiyar wani ƙauye a bakin Rima, an san kogi ne ke shayar da ita, kuma duk ranar da aka rage sakin ruwa daga madatsa, ko aka zuba ƙazanta da maganin feshi a kogin, ƙauyen zai ji a jikinsa. In aka ga shaidar ruwan Agusta, an san manyan ruwan marka ne ke cika ta, yayyafin farkon damina ba ya kaiwa can. Wanda zai raba ruwa tsakanin birni da masu noman rani, wanda zai zaɓi inda za a zubar da shara, wanda zai yanke zurfin rijiyar asibiti ko makaranta, duk suna bukatar wannan sani. Ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta cinye gadar hanyar jami'a a Kwalkwalawa ta raba dubban mutane da gidajensu, ta koya mana cewa ruwa mai yawa a sama ba ya nufin an san inda yake tafiya bayan ya wuce.

Batun kuɗi kuma, Malam, bai kai yadda ka zata ba. Abin da ake bukata a tara ruwan sama shi ne mazurari da gora, da ɗan mai da ake zubawa ya rufe fuskar ruwan kada ya ƙafe, da mutum mai amana da zai ɗiba ƙarshen kowane wata ya rubuta kwanan wata da yawan ruwan. Na'urorin awon na zamani masu aiki da hasken leza sun sauƙaƙa abin da a da sai manyan ɗakunan binciken Turai. Daga 2012 zuwa 2017 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta gudanar da aikin awon ruwan ƙarƙashin ƙasa a ƙasashe 13 na Sahel, Najeriya na ciki, kwarin Iullemmeden kuma na cikin manyan kwaruruka biyar da aka duba. Abin da nake kira gare shi shi ne mu riƙe wannan aiki da hannunmu. A tara ruwan kowane wata a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, shekara bayan shekara ba yankewa. A ɗebi ruwan rijiyoyin burtsatse unguwa-unguwa a san shekarunsa. A rubuta zurfin kowace sabuwar rijiya da shimfiɗar da ta taɓa. A koya wa 'ya'yanmu ɗalibai su yi awon su kuma bayyana sakamakon da Hausa, yadda mai haƙa rijiya da mai unguwa za su gane. Kuɗin wannan duka na shekara ba zai kai na rijiyoyi kaɗan da aka haƙa suka ƙafe ba.

Na ga a ƙarshen rubutunka ka tuna mana cewa ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Babu musu a kan wannan, kuma in fari ya yi tsanani da ni da kai za mu fita sallar roƙon ruwa a sahu ɗaya. Amma garin nan malamai ne suka kafa shi, waɗanda suka yi rubutu a kan magani da lissafi da taurari, kuma har yau akwai dattawan da ke ƙirga kwanakin damina da taurari su gaya maka lokacin shuka. Ba su ɗauki duban yadda Allah Ya tsara halittarSa a matsayin shisshigi ba. Wanda Ya sa wa ƙwayar ruwa nauyi daban-daban Shi ne Ya ba mu hankalin da za mu auna.

Ina roƙonka abu ɗaya. Damina ta gaba, ka ajiye kwalba biyu, ɗaya ta ruwan farko, ɗaya ta ruwan marka, ka ƙara ta uku daga rijiyar burtsatse mafi zurfi a unguwarku, ka rufe su da kyau. Mu nemi a auna mana su, mu kawo sakamakon a wannan shafi, kowa ya gani. In ruwan ukun ya fito iri ɗaya, zan rubuta da hannuna cewa ka yi gaskiya. In ya fito daban, ina fatan za ka yi amfani da muryarka, wadda ta fi tawa nisa, ka gaya wa mutanen Sakkwato su yi tattalin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu, su kuma damu da dajin da ke kan hanyar hadarinsu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu bar wa na baya abin sha.